Ranar Da Muka Je Godiya

Har yau idan na haɗu da wata cikin matan da muka yi zaman unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur tare, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Mu dai lokacin korona Allah ne kawai Ya ciyar da mu," sai in kawar da kai. Allah ne, ban musa ba. Amma ba ta taga Ya jefo mana shinkafar ba. Ta hannun mutane ta zo, kuma mutanen nan mun taka benensu, mun ga idanunsu, ɗaya daga cikinsu ma ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da muka saka musu da shi zan faɗa, kuma ba zan ɓoye ba, ni ce na ja gaba.

Ni malamar firamare ce a Kano kafin in biyo maigidana Kuala Lumpur, inda ya je yin digirinsa na uku. Muna hawa na tara da yara uku, a wani dogon bene da ake hango jirgin ƙasa yana wucewa ta saman titi. Gidajen Hausawa bakwai ne a rukuninmu, duk iyalan ɗalibai da malaman jami'a. A shekara ta biyu ta annobar aka sake kulle gari, kulle na gaske, shinge a kan hanya, mutum ba ya wuce unguwarsu sai da takarda. Ɗan abin da mazanmu suke taɓawa a gefe, koyar da yaran mutane ko fassara, duk ya tsaya cak. Buhu ya fara nuna gindinsa a kowane gida.

'Yan ƙasar sun fito da wata dabara a lokacin: wanda abinci ya ƙare masa ya rataya farin ƙyalle a taga, maƙwabta su kawo masa. Mu? Allah Ya kiyaye. A ce matar dakta ta rataya ƙyallen yunwa, a ɗauki hoto, hoton ya je Kano? Har farin hijabi muka daina shanyawa a baranda, kada wani ya yi mana mummunar fahimta. Haka muka zauna da girmanmu, muna kiran juna a waya muna alhamdulillahi, ciki yana ƙugi.

Ƙanen nawa shi ne autanmu, Auta muke ce masa. Yana can unguwar Bukit Jalil, a ɗaya gefen birnin, yana digiri na biyu a fannin kwamfuta, a kan tallafin karatu daga gida. Shekara tara na ba shi, ni na goye shi, don haka ko da ya yi gemu yaro ne a wurina. Mai shiru ne, mai tsabta, ba ya shiga hayaniyar samari. Zamansa a ƙasar kuma gaba ɗaya a kan tallafin nan yake rataye. Idan aka janye shi babu makaranta, babu biza, kuma wannan duk wani ɗalibinmu ya san shi kamar sunansa.

Wata rana ya kira ni da hantsi.

"Yaya, me kuka ci yau?"

"Alhamdulillahi."

"Ba alhamdulillahi na tambaye ki ba."

'Yata ta tsakiya, wadda ba a rufa asiri a gabanta, ta leƙo kan wayar ta ce da Turancinta na 'yan Malesiya, "Kawu, noodles again lah, three days already." Na kai mata duka ta goce.

Bayan kwana biyu wani ɗan babur mai kai saƙo ya kira ni in sauko bakin get. Ya miƙo min jaka ta yadi mai nauyi. A ciki shinkafa ce, da man girki, da ƙwai, da albasa, da kifin gwangwani, har da madarar yara. Babu suna, babu takarda. A jikin jakar dai akwai ɗan zanen bakan gizo, bai fi faɗin tafin hannu ba.

Ni kuwa shekara shida na yi ina koyarwa a makarantar da aka zana bakan gizo a katangarta tun daga ƙofa har banɗakin yara. A sanina, duk inda aka ga bakan gizo to akwai lilo da 'yan kujeru a kusa. Na kira Auta.

"Wata makarantar nazare ce take rabo, ko?"

Ya ce, "Wasu mutanen kirki ne, ina taya su aikin kwamfuta. Ki dai dafa wa yara, Yaya."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni na ji e ɗina na yi gaba da ita.

Kafin la'asar na gaya wa matan rukuninmu duka. Na sake kiransa na ce gida bakwai ne ba ɗaya ba, ba zan dafa shinkafa maƙwabta suna jin ƙamshi ba. Ya ce zai tambaya. Daga makon nan, duk Laraba jaka bakwai take sauka a bakin get, wata uku cur. Muka sa mata suna shinkafar nazare. Cikin masu karɓa har da gidan shugaban ƙungiyar ɗalibanmu, wanda matarsa muke kira Matar Shugaba, doguwar mace mai son a san ta yi karatu. Ita ce ta fara cewa shinkafar ta cika gutsattsari, a gaya wa 'yan nazaren su riƙa sayen doguwa. Ita ce kuma ta roƙi a ƙaro mata jaka biyu ko babu komai a ciki, wai suna da daɗin zuwa kasuwa.

Ɗan babur ɗin wani magidanci ne ɗan ƙasar. Na yi na yi ya karɓi tukuici ya ƙi, bai ma gane dalilin da za a ba ɗan aike wani abu ba. Sai na koma ƙunsa masa ƙosai duk Laraba. Wannan kam ya gane, har yakan ce in ƙara yaji.

Da aka sassauta kulle, aka bar waɗanda suka yi rigakafi su fita, abu na farko da ya zo min a rai shi ne godiya. A gidanmu idan maƙwabciya ta aiko da kwanon tuwo ba a mayar mata da kwanon wayam, kuma idan alheri ya yi girma ƙafa ce take zuwa, ba saƙo ba. Wata uku mutane suna ciyar da 'ya'yanmu, mu goge baki mu yi shiru kamar kaji? Na gaya wa Auta ya ba ni kwatance.

"Yaya, no need. Wallahi ba sa son godiya, ni zan isar musu."

"Kai ka ci shinkafar da za ka yi godiyar?"

"Don Allah ki bari. Please, Yaya."

"Ka zauna gaban kwamfuta har ka manta gidan da ka fito."

Ya ce in yi masa alkawari ba zan je ba. Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa yaro don ya yi shiru. Ranar Laraba na ƙara wa ɗan babur ƙosai, na tambaye shi inda yake ɗauko kayan, ya nuna min a wayarsa ba tare da tunanin komai ba. Ina so a san wannan: yaron nan ya roƙe ni, har sau uku. Wannan kason laifin nawa ne, ba na raba shi da kowa.

Muka yi dambun shinkafa da zogalen da muka samo a shagon Indiyawa, muka soya cincin cike da bokiti. Ni kuma, da yake malama ce, na sayi fensiran kala da alawa saboda yaran makarantar. Mu uku muka hau jirgi da safe: ni, da Matar Shugaba, da maƙwabciyata 'yar Katsina, kowa ta ci ado kamar za mu biki.

Wurin yana saman wani shagon gyaran taya. Babu allo, babu suna, ƙofar ƙarfe ce kawai da ƙararrawa. Muna hawa na lura da takalman da ke bakin ƙofa, duk manya, babu ko ɗaya na yaro. Na ce a raina ai makarantu ba su koma ba tukuna.

Wani siririn tsoho ya buɗe mana, ɗan ƙasar ne amma asalin Sin, da takunkumi a fuska. Daga baya na ji kowa Ankul yake ce masa. Na jero masa Turancin da na shirya tun a jirgi, cewa mu ne 'yan Najeriyar Wangsa Maju, mun zo godiya. Ya yi kamar zai waiwaya ciki ya fasa. Mata uku ne a tsaye da kuloli a hannu, ya zai yi? Ya ja baya ya ce mu shigo.

Ɗaki ne babba guda. Buhunan shinkafa a jere a bango ɗaya, ga firji, ga dogon tebur. Babu lilo, babu 'yan kujeru. A ɗaya bangon hotuna ne birjik, tsofaffi da sababbi, duk na manya, wasu da baƙin zare a kusurwa. Sama da su an kafe tuta, bakan gizon nan ne dai, amma babba kamar zanin gado. Mutum biyar ko shida suna ƙulla kaya, maza, sai wasu biyu masu shigar mata da muryar maza. A ƙarshen tebur ga Auta da kwamfutarsa, yana dariya da na kusa da shi, irin dariyar da rabona da jin ta a bakinsa tun yana firamare. Ya ɗago ya gan ni.

"Yaya," ya ce.

Ni har lokacin ban gane ba, ina riƙe da ledar fensira ina neman inda yara suke. Matar Shugaba ce ta karanta takardun da aka manna a bango, na gwajin cutar ƙanjamau, da na zaman tattaunawa ranar Lahadi ga maza masu son maza. Ta ja numfashi ta ce, "Innalillahi! Ke, 'yan luwaɗi ne!" Da Hausa ta faɗa. Ban da mu, mutum ɗaya ne a ɗakin yake jin Hausa, kuma shi take so ya ji. Kafin in juya ta ɗaga waya. Ta ɗauki hoton tutar, ta ɗauki bango, ta ɗauki ƙanena.

Ankul ya karɓi kulolin da hannu biyu, ya ɗan sunkuya, ya ce mu zauna mu sha ruwa. Ba mu zauna ba. Na ajiye masa fensiran a kan tebur don ban san yadda zan yi da su ba.

A jirgi 'yar Katsina ta kafe taga da ido, Matar Shugaba tana ta latsa waya. Na ce mata, "Hajiya, don girman Allah ki goge hotunan nan." Ta ce ai ta riga ta tura wa maigidan. Kafin mu sauka a tasharmu abin ya shiga zauren mata na waya, kafin sallar la'asar ya shiga na maza, da hoto da adireshi.

To, daga nan ne na ga abin da har yau yake tafasa ni. Matan da wata uku suke tambayata ko jakar Laraba ta iso, su ne suka wayi gari suna aika wa malamai tambaya ko shinkafar ta halatta. Shinkafar da ta riga ta zama tsoka a jikin 'ya'yansu! Wata ta ce ita dama tun farko zuciyarta ba ta kwanta da kayan ba, alhali ita ce take isa bakin get kafin babur ya tsaya. Aka tattara jakunkunan yadi aka yayyanka da almakashi, aka zuba a shara, aka ɗauki hoto aka tura, kowa ya ga tsoron Allah. Shinkafar da ta rage a kicin kuwa ban ji wadda ta zubar ba. An dafa ta an cinye, da man da ƙwan.

Washegarin zuwanmu godiyar da safe Auta ya zo. Bai hau sama ba, muka zauna a bencin wurin wasan yara a ƙasa. Na tambaye shi kai tsaye, aikin kwamfuta ne kawai ko kuwa.

"Ba shi kaɗai ba ne, Yaya. Ni ma irinsu ne."

Ba zan yi wa kaina kwalliya a takarda ba. Na faɗa masa maganganu masu zafi, na ambaci mahaifinmu da ke kabari, na yi kuka har hijabina ya jiƙe. Har gobe abin bai zauna min ba tsakanina da addinina, kuma ban ɗauki alƙalami don in ba da fatawa ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya gaya min cewa a shekararsa ta farko a garin akwai watannin da ba ya ci ba ya barci, har ya fara auna tsayin benensu da ido. Wata rana ya kira wata lamba da ya gani, tsohon nan Ankul ya ɗauka, ya saurare shi awa biyu, ko sunansa bai tambaya ba.

"Ina nan fa. Tasha nawa ce tsakaninmu? Me ya hana ka kira ni?"

"Da na kira ki, abin da kika faɗa yanzu za ki faɗa."

Na hau sama na zubo masa abinci, ya ci a bencin yana sunkuye. Da zai tafi ya ce, "Idan suka rubuta gida, an gama da ni." Wata biyar ya rage masa ya kammala.

Maigidana mutum ne da ba ya son hayaniya. Shi ya gaya min maza sun yi taro ta waya, an yanke a rubuta wa masu tallafin karatu cewa ɗalibinsu ya shiga abin da zai zubar da mutuncin 'yan ƙasa. Na ce kai me ka ce a taron? Ya ce layinsa ba shi da kyau. Layinsa ba shi da kyau! Mutumin da ta layin nan yake yin awa uku yana gardama da malaminsa a kan babi ɗaya.

Na sa hijabi na haura hawa na sha biyu. Na durƙusa a falon Matar Shugaba, ni da ban taɓa durƙusa wa sa'ata ba. Mijin yana ciki, ƙofa a buɗe, yana ji.

"Hajiya, ku rufa mana asiri. Ku bar shi ya gama, ku bar ni da shi."

"Malama, it's not personal. Amana ce a wuyan shugabanci. Gobe 'ya'yanmu fa?"

"'Ya'yan naku da suka yi wata uku suna ci daga hannunsa?"

"Ai ba mu sani ba lah. Da mun sani, ko ƙwaya ɗaya ba za ta shigo gidan nan ba."

Daga inda nake durƙushe ina hango galan ɗin man a kan kantar kicin, saura rabi. Na nuna mata na ce to ɗauko min shi in mayar musu. Ta ce kada in yi mata rashin kunya a gidanta. Shugaba ya yi gyaran murya daga ciki ya ce, "Malama, mu gyara muke nufi, ba tozarci ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, wane irin gyara ake yi da hoton mutum a wayar kowa?" Ya turo ƙofa. A makon aka aika takardar.

Gyara! A cikinsu duka, masu digiri da masu gemu da masu jan salla, babu ɗaya da ya ɗauki waya ya kira yaron nan ya ce zo mu zauna. Ko faɗa ne, ko nasiha, ko zagi ma, a yi masa ido da ido. Babu. Lambarsa tana wayar kowannensu, don shi yake gyara musu kwamfuta idan ta cinye musu babi. Sun san lambar ranar da aikinsu ya ɓace, sun manta ta ranar da za su rubuta takarda a kansa.

Bayan mako guda na koma saman shagon taya ni kaɗai, hannu rabbana, don in ba da haƙuri. Na tarar ƙofa a buɗe ana sauke kaya. Adireshin ya fita daga zaurenmu ya shiga duniya. Wani ya liƙa shi a intanet yana kiran hukuma ta zo ta gani, wasu samari kuma suka riƙa tsayawa a ƙasa suna ɗaukar hoton masu shiga. Mai shagon, wanda shi ne mai benen, ya ce shi ba ya son fitina, su tashi.

Ankul yana tsaye a kan kujera yana cire hotunan bango ɗaya bayan ɗaya. Da ya gan ni sai ya miƙo min kwali ya ce in riƙe masa. Haka na tsaya da kwali a hannu, yana cirewa yana ba ni labari, ba don na tambaya ba.

Ya ce da farko babu ɗaki ma. Wayar tarho ce guda a ɗakin kwanan wani abokinsa, zamanin da cutar ƙanjamau ta shigo tana ɗibar samari, babu magani, dangi suna gudun gawar ɗansu. Su 'yan kaɗan suka riƙa karɓa-karɓa a gindin wayar, duk wanda ya kira a saurare shi. Daga sauraro aka koma raka mutum asibiti, daga nan aka koma tsayawa a kan jana'iza, kowa da addininsa, don wani lokacin babu mai tsayawa sai su. Ya nuna min abokin a hoto, mai gashin baki da ƙaton tabarau, da baƙin zare a kusurwa. Ya ce shi ma cutar ba ta bar shi ya daɗe ba.

Daga nan suka kama ɗaki a bayan shagon wani mai aski. Mai gida ya gane, suka tashi. Suka koma wani bene kusa da kasuwa, aka kawo musu samame sau biyu, har kujeru aka kwashe. A wuri na uku maƙwabta ne suka riƙa ɗura musu gam a kwaɗo duk safiya, har suka gaji da sayen sabo. Nan saman taya suka fi daɗewa, don mai taya ba ruwansa da kowa. A nan ake gwajin jini, a nan ake zaman Lahadi da shayi, mutum ya faɗi abin da ba shi da inda zai faɗa. Da korona ta zo, mutanensu ne suka fara faɗuwa: masu gyaran gashi, masu aikin otal, waɗanda iyaye suka kora ba su da ƙauyen komawa, da masu shan magani kullum da shingen hanya ya raba su da asibiti. Shi ya sa suka fara rabon shinkafa.

Na ce, "To mu fa? Mu ai ba mutanenku ba ne."

Ya ce ranar da ƙanena ya kawo maganar gida bakwai sai da aka yi musu. Wasu suka ce shinkafar ba ta isa nasu ba, kuma waɗannan da za a ba, da sun san daga ina take da sun tofa mata yawu. Shi kuwa ya tambaya ko akwai yara, aka ce akwai, ya ce to a ƙulla. Jakunkunan kuma leda ce ta ƙare musu, suka zazzago tsofaffin jakunkunan wani taro da bai yiwu ba. Ya ce ya faɗa a riƙa juya su ciki waje kada zanen ya fito, aka manta.

Na gaya masa ni makarantar yara na zata. Ya sauke takunkumi ya yi dariya har da tari. Ya nuna min kwalayen da aka jera, ashe da fensiran kalana suke rubuta abin da ke cikin kowanne.

"Sista," ya ce, "mai gida ya tashe mu, samame ya tashe mu, gam ya tashe mu. Wannan ne karo na farko da godiya ta tashe mu."

Shi dariya yake, ni kuwa kunya kamar in nutse. Na tambaye shi ina za su koma. Ya dube ni babu fushi a fuskarsa ya ce, "Sorry lah, sista. Cannot." Ban ji haushinsa ba ko kaɗan. Da ni ce shi, ko ƙofa ba zan buɗe min ba.

Amsar takarda ba ta daɗe ba, an dakatar da tallafin Auta. Kwafinta kuma, ban san ta hannun wa ba ko da yake ina da zato, ya isa wayar kawunmu a Kano. Samarin da suke haya tare a Bukit Jalil suka fitar masa da kayansa bakin ƙofa. Ban san wannan ba sai bayan kwana huɗu, da na je na tarar da wani a kan gadonsa.

Ya kira ni da sabuwar lamba. Ya ce yana lafiya, ya sami inda zai zauna, ana taya shi neman hanyar gyara takardunsa, ko a nan ko a wata ƙasa. Gida dai ba zai iya dawowa ba, ya sani, na sani.

"A ina kake? In zo in gan ka."

"Yaya, kada ki tambaye ni."

"Ni ce fa."

"Na sani. Shi ya sa."

Mun ƙara wata tara a garin kafin maigidana ya gama. Gari ɗaya muke, ban ƙara sa shi a ido ba. Yakan kira ranar Juma'a ya gaisa da yara, idan na karɓi wayar ya tambayi lafiyata ya ce ana jiransa. Ranar da za mu taso aka yi mana walimar bankwana a rukuni, Matar Shugaba ta rungume ni ta ce a yafi juna. Na ce Allah Ya yafe mana, don shi ne abin da ake cewa. Ban yafe ba, kuma gara in faɗa a nan.

A Kano na tarar kawu ya hana a ambaci sunansa a gidan. Umma ba ta tambaye ni ko gaskiya ne ba, har yau ba ta tambaya ba. Ta bari 'yan sannu da zuwa suka watse bayan azahar, ta ja ni ɗaka ta tura ƙofa.

"A wane irin gida kika baro shi? Akwai mai dafa masa?"

"Umma, ban sani ba."

Ta zaci ɓoye mata nake saboda kawu. Ta ce ba komai, kada in faɗa, ta gane. Ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin gado, kuka ce da daddawa da yajin da take daka masa ba barkono da yawa saboda cikinsa. Ta ce in ba masu komawa su kai masa har ƙofa, tunda ni na san wurin. Na karɓa na ce to.

Ƙullin yana nan cikin durowata, sau biyu ina sake masa leda. Duk wanda zai koma Kuala Lumpur sai Umma ta aiko a gaya min, ni kuma ba ni da adireshin da zan rubuta a kai.